Gurzar Giya a Motocin Hanyar Gure zuwa Kelle: Gano Tushen Ɓarna Kafin a Sauke Akwati

0. Gabatarwa

Garin Kelle yana yankin duwatsun Kutus, arewa da Gure, cikin jahar Damagaram. Babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta ratsa Damagaram da Gure ta nufi Difa, ba ta bi ta cikinsa ba. Motar da za ta yi Kelle, ko ta wuce zuwa kasuwanni da rijiyoyin da ke bayansa, sai ta rabu da wannan hanya ta fuskanci yashi da tsakuwa da kwazazzabai, galibi kuma da kaya fiye da kima: hatsi, kanwa, bisashe, ga fasinja a bisa kaya. Motocin da ke irin wannan aiki, kamar Toyota Land Cruiser da Hilux da abin da ya yi saura na Peugeot 504 mai buɗaɗɗen baya, masu giyar hannu ne, kuma cikin koke-koken da direbobinsu ke kai wa makanike akwai wanda ba ya yankewa, watau cewa giya tana gurza.

Kuskure iri biyu ne ake yi dangane da wannan ƙara. Na farko shi ne a saba da ita, a ci gaba da tura hannun giya da ƙarfi har haƙora su cinye, ɓarnar da ƙaramin zobe zai gyara ta koma sai an sayi akwati ɗungurungum. Na biyu shi ne a yi gaggawar sauke akwatin a kwance shi, alhali cutar tana waje, wataƙila cikin wata roba da ba ta fi kan yatsa ba. Wannan na biyun ya fi ciwo a wuri irin Kelle, domin kayan gyara daga Damagaram ko Maraɗi ko Kano suke zuwa, kuma ba kullum hanyarsu ke buɗe ba: Nijeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, an kuma sake rufe iyakar ƙasashen biyu daga 2023 zuwa Maris 2024. Motar da aka kwance tana jiran kaya, kasuwa nawa za ta ci ba da ita ba? A cikin wannan maƙala za mu bi matakan da ke kai mutum ga tushen gurzar, daga waje zuwa ciki, daga abin da ba ya cin kuɗi zuwa wanda ke ci.

1. Kalmomin da muka yi aiki da su

Garejin ƙasar Hausa harshe biyu ya ara. A ɓangaren Nijar sunayen sassan mota daga faransanci suka fito, a ɓangaren Nijeriya daga ingilishi, a jahar Damagaram kuwa, inda motoci da makanikai ke kai da kawowa tsakanin ƙasashen biyu, kunne yana jin duka. Mun riƙe giya da kuloci da totur da boris da firi, domin sun zauna cikin harshe. Abin da ake kira buwat mun ce da shi akwatin giya. Gargare mai haƙora da ake kira finyo mun bar masa sunansa, jam'insa finyoyi. Sassan da sunansu na aro bai faɗi aikinsu ba mun ba su sunan da ke siffanta su: zoben daidaita gudu, ko zobe kawai, a madadin sankuro; ƙawanya ga ƙarfen da ke zamewa ya kama giya; gwafa ga ƙarfe mai baki biyu da ke tura ƙawanya; famfon sama da famfon ƙasa ga famfuna biyu na kuloci. Gurza kuwa mun keɓe ta ga ƙarar da ake ji lokacin sa giya kaɗai, domin kalmar kuka ta yi faɗi da yawa.

2. Mene ne ke gurza?

Mutane da yawa, har da direbobi, suna tsammanin manyan haƙoran finyoyi ne ke cin juna sa'ad da aka ji ƙarar. Ba haka ba ne. A akwatin motar da ke turawa da ƙafafun baya akwai sanda ukku: sandar shiga, wadda ke karɓar juyi daga inji ta hanyar faifan kuloci, sandar ƙasa, wadda ke kwance cikin mai, da sandar fita, wadda ke kai juyi ga ƙafafu. Finyoyin giyar gaba kullum a sarƙe suke da ƴan'uwansu na sandar ƙasa, ba sa rabuwa ko mota tana firi. Sai dai waɗanda ke kan sandar fita a sake suke, suna juyawa a kanta ba tare da sun ja ta ba. Sa giya shi ne ɗaure ɗaya daga cikinsu ga sandar. Hannun giya ya tura gwafa, gwafa ta tura ƙawanya, ƙawanya ta hau kan wasu ƙananan haƙora da ke gefen finyo ta kama su. Waɗannan ƙananan haƙora su ne ke gurza, idan ƙawanya ta iske su suna gudun da ba nata ba.

Misalin karen mota zai taimake mu. Idan zai hau motar da ta riga ta tashi, sai ya bi ta da gudu har gudunsa ya yi daidai da nata, sa'an nan ya kama ƙarfe. In ya kama kafin haka, fizgarsa za ta yi. Aikin zobe ke nan: shi ne ke daidaita gudun finyo da na ƙawanya kafin su haɗu. Zoben na tagulla ne a mafi yawan waɗannan motoci. Cikinsa a karkace yake kamar bakin mazurari, da ƴan siraran zane-zane da ke yanke man da ke tsakani, don ya kama wani tudu mai siffa irin tasa a jikin finyo. Yana kamawa sai gogayya ta ja finyon zuwa gudun da ake so. A wannan ɗan lokaci kuma haƙoran zoben suna tare wa ƙawanya hanya, ba za su ba ta wuri ba sai gudu ya daidaita. Ɗan turjewar da hannu ke ji kafin giya ta faɗa, wannan tarewar ce.

Dabarar ba ta tare da mota tun fil'azal. Wani injiniya ɗan Amurka, Earl Thompson, shi ya ƙirƙiro ta, kamfanin Cadillac ya fara sa ta cikin motocinsa a 1928. Ba ta kuma game duka giyoyi nan take ba. Land Rover, alal misali, ba ta da zobe a giya ta 1 da ta 2 sai da samfurinta na ukku ya fito a 1971. Tsoffin direbobin da suka koyi tuƙi a kan irin waɗannan motoci da manyan motocin kaya sun iya taka kuloci sau biyu, kuma za mu ga cewa wannan iyawa tasu ta zama ma'aunin gwaji a yau.

Yanzu mu dubi nauyin da ke kan zobe da lissafi. Mu ƙaddara wani akwati da sandar shigarsa ke juyi 2 kafin sandar fita ta yi 1 a giya ta 2, juyi 1,4 a giya ta 3, juyi 1 a giya ta 4. Mota tana tafiya a giya ta 3, sandar fita tana juyi 1000 a minti. Sandar shiga ke nan tana yin 1400. Direba ya hango tudun yashi, yana son ya sauko giya ta 2. Gudun mota bai sake ba, amma sandar shiga dole ta kai juyi 2000. Ƙarin nan na 600 zoben giya ta 2 ne zai samar da shi, cikin lokacin da bai kai daƙiƙa ɗaya ba, yana jan faifan kuloci da sandar shiga da sandar ƙasa da duk finyoyin da ke sarƙe da ita. Saukowa daga ta 4 zuwa ta 3 a wannan gudu ƙarin 400 ne kawai. Ratar ta fi faɗi a ƙananan giyoyi, ga shi kuma a yashi direba ba ya iya jinkirta hannu, domin da ya taka kuloci yashi ke fara shanye gudun mota. Dalilin da ya sa zoben giya ta 2 yakan riga sauran mutuwa ke nan.

Abu ɗaya ne ya kamata mai karatu ya riƙe daga wannan sashe, domin duk gwajin da ke tafe a kansa ya ginu. Zobe yana da ƙarfin jan faifai da sanduna, amma ba shi da ƙarfin jan inji. Idan kuloci bai raba inji da akwati sarai ba, ko sabon zobe ne zai gaza. Saboda haka gurza tana iya fitowa daga kuloci da bai saki ba, ko daga zobe da bai kama ba, ko daga man da ya hana shi kamawa, ko daga gwafa da ƙawanya da ba su tafi daidai ba.

3. Tambaya da saurare

Makanike mai hankali ba ya fara taɓa sifana sai ya tambayi direba. Wace giya ce ke gurza, ɗaya ce ko duka? Wajen hawa ne ko wajen saukowa? Da sanyin safiya ne ko bayan mota ta yi zafi? Farat ɗaya abin ya zo ko sannu a hankali? Me aka yi wa motar kwanan nan? Amsoshin suna rage rabin aiki. Gurzar da ta zo farat ɗaya ta game giyoyi duka tana nuna kuloci, musamman famfunansa. Wadda ta ɗauki watanni tana ƙaruwa a giya ɗaya tana nuna zobe. Wadda ta biyo bayan sake mai, sai a fara tuhumar man. Wadda ta biyo bayan sa sabon faifai, sai a tuhumi aikin da aka yi: an juya faifan, ko an bar nauyin akwati ya rataya a kansa ya lanƙwasa shi, ko an bar iska cikin famfo.

A nan Hausa tana da wata gata, domin direba ba ya tsayawa ga cewa mota tana kuka, sai ya kwaikwayi kukan. Ƙarrr lokacin sa giya daban yake da wiii mai tashi da sauka tare da gudun mota, daban kuma da gur-gur-gur na mota a tsaye. Na farkon kaɗai ne gurza. Na biyu yakan fito daga boris ko manyan haƙora da suka ci, ko ƙarancin mai. Na ukku kuwa ƙafa ce ke rarrabe shi. Idan ana jin sa mota tana firi, ƙafa ba ta kan kuloci, ya kuma ɓace da an taka, to daga cikin akwati yake, domin takawar ce ta tsai da sandunan. Idan da ƙafa ta fara danna matakin yake tasowa, boris ɗin da ke matsa farantin kuloci ne. Idan kuwa sai an taka har ƙasa an sa giya yake bayyana, to ƙaramin boris ne da ke gindin inji, inda kan sandar shiga ke zaune, domin a lokacin inji da sandar suna juyi dabam-dabam. A riƙe sunan wannan ƙaramin boris, zai sake fitowa.

4. Gwajin kuloci

Gwaji na farko ana yin sa inji a kashe. A taka kuloci a zagaya da hannun giya cikin giyoyi duka. Idan yana tafiya lami lafiya, gwafa da abin da ke haɗa ta da hannu ba su da laifi babba. Idan yana cijewa ko yana lilo ko inji a kashe, sai a dubi gindin hannun da robobinsa, da kuma robobin da inji da akwati ke zaune a kansu, waɗanda hanyar dutse ke tsinkawa.

Na biyu shi ne gwajin giyar baya, kuma a ganinmu babu wanda ya kai shi amfani. A yawancin tsoffin akwatuna giyar baya ba ta da zobe. Wani finyo ne mai miƙaƙƙun haƙora ake turawa tsakanin wasu biyu. Ita ke nan ba ta da mai rufa mata asiri: in sandar shiga tana motsi ko kaɗan, za ta faɗa. A tsai da mota a wuri mai faɗi, a ja birkin hannu, a bar inji yana juyinsa na tsaye. A taka kuloci har ƙasa, a ƙirga daƙiƙa 5, a sa giyar baya a hankali. Idan ta shiga shiru, kuloci yana saki. Idan ta gurza, kada a yanke hukunci tukuna, domin mai yiwuwa sandar ba ta gama tsayawa ba ne. Ba tare da an ɗaga ƙafa ba, a sa giya ta 3 ko ta 4, wadda zobenta zai tsai da sandar tilas; a koma firi, a sake ƙirga 5, a sake neman giyar baya. In ta gurza a wannan karon, wani abu ne ya sake juya sandar da aka riga aka tsayar, kuma ba wanda zai juya ta sai inji. Kuloci ke nan bai raba su ba. Ga akwatin da giyar bayansa ke da zobe, sai a sa giya ta 1 a kan ƙasa mai tauri, ƙafa na kan kuloci, a saki birki, a ƙara totur kaɗan. Motar da ta nemi rarrafawa ta ba da amsa.

Da an tabbatar laifin na kuloci ne, har yanzu ba a kai ga sauke akwati ba. A fara da abin da ido ke gani, domin wani lokaci shimfiɗar da ta taru ƙarƙashin mataki ce ta hana shi kaiwa ƙasa. Sa'an nan a dubi gorar man famfon sama. A taka mataki da sauri sau 5 ko 6 a sake gwajin giyar baya: idan gurzar ta ragu, akwai iska cikin bututu ko robar famfo ta gaji. A riƙe mataki a ƙasa mota tana cikin giya: idan bayan ɗan lokaci ta fara ja da kanta, mai yana zurarewa ta bayan robar famfon sama, ko da ba a ga ɗigo a waje ba. A shafa bayan mataki a cikin mota, a kuma ɗaga robar ƙura ta famfon ƙasa, a ga ko akwai laima. Yaron gareji ya kalli ƙarfen da famfon ƙasa ke turawa yayin da wani ke takawa, a gwada tafiyarsa da abin da littafin motar ya ƙayyade.

Man da ke cikin famfunan man birki ne, mai alamar DOT 3 ko DOT 4, kuma ɗabi'arsa ce shan laimar iska. Ƙa'idar DOT 3 ita ce sabonsa kada ya tafasa ƙasa da digiri 205. Wanda ya sha ruwa kuwa iyakarsa takan sauko zuwa 140, ruwan kuma yana cin cikin famfo ya bar ƙaiƙayin da ke yanka roba. Abin da ya fi haka muni shi ne a zuba man inji ko man giya a gorar don man birki ya ƙare a daji. Robobin ba na irin wannan mai ba ne, kumbura suke yi su lalace. In dole ta kama a tsakanin rijiya da rijiya, ruwa mai tsabta bai kai man inji ɓarna ba, muddin famfon kuloci ake magana ba na birki ba, kuma aka wanke shi da an isa gari. Akwai kuma wata al'ada da ba mu yarda da ita ba, ta ƙara wa ƙarfen famfon ƙasa tsawo da walda. Takan kashe gurzar na ƴan kwanaki, amma tana iya barin boris yana danne da faranti dare da rana, daga baya kuloci ya fara zamewa, a koma sayen abu ukku a madadin ɗaya.

Idan famfuna lafiya lau suke, ƙarfen yana tafiya iyakarsa, amma kuloci bai saki ba, to cutar tana tsakanin inji da akwati. Faifai yana iya lanƙwashewa saboda zafi, abin da ke samun motar da ta kafe a yashi aka yi ta wasa da rabin kuloci ana kai ta gaba ana dawo da ita baya. Tsagogin da faifan ke zamewa a kansu suna iya cushewa da ƙura da tsatsa, ko da man shafawa da aka cika aka bar shi ya kama yashi ya zama kamar laka. Mai yana iya tsiyayowa daga inji ya sa faifan danƙo. Ƙaramin boris ɗin nan na gindin inji kuma yana iya bushewa ya kama kan sandar shiga, ya riƙa juya ta ko da faifai ya saki sarai. A nan dole a janye akwatin, amma ba a kwance cikinsa, kuma bambancin aikin biyu ba kaɗan ba ne.

5. Idan giya ɗaya ce

Sai kuloci ya tsallake gwajin sashe na 4 ake zuwa nan. Jerin yana da muhimmanci, domin gwajin da za mu faɗa yanzu yana iya ɓoye laifin kuloci. A tuƙa motar a kan hanya mai tauri. A sa giyar da ake tuhuma da sauri, sa'an nan a sake sa ta a hankali, ana ba zobe lokaci. Zoben da ya fara gajiya yakan gurza da sauri ya yi shiru a hankali. Daga nan a yi takun tsoffin direbobi: a taka kuloci, a koma firi, a ɗaga ƙafa, a ɗan danna totur in saukowa ake yi, a sake takawa, a sa giya. A lokacin da aka ɗaga ƙafa a firi, inji ne da kansa ya kai sandar shiga ga gudun da ake bukata, watau ya yi aikin zobe a madadinsa. Idan giya ta faɗa shiru da wannan taku, alhali tana gurza da taku ɗaya, zoben wannan giya ya cinye. Direban da ya iya takun yana iya ci gaba da aiki har kaya su zo, ba tare da ya ƙara ɓata haƙora ba.

Ƙawanya ɗaya giya biyu take yi wa aiki, ta 1 da ta 2 suna da tasu, ta 3 da ta 4 suna da tasu. Idan giya biyu masu ƙawanya ɗaya suka gurza tare, sauran kuma lafiya, a tuhumi ƙawanyar da gwafarta. Idan giya tana ficewa da kanta da an ɗaga ƙafa daga totur, ƙananan haƙoran sun riga sun mulmule, zobe shi kaɗai ba zai wadatar ba.

6. Mai

Kafin a taɓa kusoshin akwati a dubi mansa, mota tana tsaye a wuri madaidaici. A fara kwance murfin zubawa na gefe kafin na tsiyayarwa, don kada a zubar da mai sa'an nan a iske na gefen ya ƙi kwancewa. Ya kamata mai ya kai bakin ramin. A tsiyaye kaɗan cikin kwano mai tsabta a kai shi rana. Ƙyalli mai launin zinariya garin tagulla ne daga zobba. Laushin toka a kan maganaɗisun murfi, inda akwai shi, cin yau da kullum ne. Gutsattsarin ƙarfe da yatsa ke ji kuwa haƙori ne ko boris. Man da ya yi fari kamar kunu ruwa ya shiga, abin da ke faruwa da damina idan akwati mai zafi ya tsunduma cikin ƙorama ya zuƙo ruwa ta hancin shaƙar iskarsa.

Irin man ma abin dubawa ne. Akwai mai alamar GL-4 da mai alamar GL-5. Na biyun ya fi yawan sinadaran sulfa da fosforas da ke kare haƙora daga matsi mai tsanani, don haka ya dace da finyoyin da ke tsakanin ƙafafun baya. A cikin akwatin da aka tanadar wa GL-4 kuwa yana iya yi wa zobe santsi ya rage masa kamu, wasu tsoffin nau'o'insa kuma suna cin tagulla idan zafi ya yi yawa. Lamba mafi girma ba ita ce mai mafi kyau ba. Akwai akwatunan da masu ƙera su suka yarda da nau'in biyu, akwai kuma tsoffin motocin Peugeot da man inji aka tanadar wa akwatinsu. Littafin motar ne ke raba gardama. Kauri kuma yana da nasa: mai kauri da yawa, da sanyin Disamba da Janairu, yakan sa giya ta 2 ta yi tauri ko ta gurza da asuba, ta saki bayan an yi ƴan kilomitoci. Wannan ba dalilin kwance akwati ba ne.

7. Gurzar da ba cuta ba

Motoci masu ja da ƙafa huɗu suna da ƙaramin akwati a bayan babban, da nasa ɗan hannu. A tsoffin samfura ba shi da zobe a giyar ƙarfi, don haka duk wanda ya nemi sa ta mota tana gudu zai ji ƙara. Sai an tsaya. Haka kuma idan makullan ƙafafun gaba suna buɗe, sandar gaba a tsaye take, neman haɗa ta ana tafiya gurza ne zai biyo baya. Sabon direba a yashi yakan kawo wannan kuka gareji, maganinsa bayani ne.

8. Bayan an buɗe

Idan alamu sun taru a kan zobe, sai a sauke akwatin a kwance shi a wurin da iska ba ta kwaso yashi, a bisa tabarma ko kwali, ana jera sassa yadda suka fito. A ɗora kowane zobe a kan tudun finyonsa, a danna a murɗa. Mai rai zai kama, matacce zai zame. A auna ratar da ta rage tsakanin bayan zobe da fuskar haƙoran finyo da siraran ƙarafan awo. Yayin da zobe ke cinyewa yana ƙara nutsewa, ratar tana raguwa, har ya zauna a jikin finyo bai kama komai ba. Iyakar da littattafan gyara ke bayarwa takan kasance ƙasa da milimita 1, kowane akwati da tasa. A dubi zane-zanen cikin zoben ko sun shafe, a dubi tudun ko ya yi shuɗi ko ya yi tsagi, a dubi bakin ƙananan haƙora da na ƙawanya ko tsininsu yana nan. Sabon zobe a kan tudun da ya lalace ba ya daɗewa. Kuma tun da akwati ya riga ya sauka, a duba faifan kuloci da boris biyun nan, domin kulocin da ke ja kaɗan-kaɗan shi ne sau da yawa ya kashe zoben tun farko.

Motar da za a jawo daga daji zuwa Gure da inji a kashe, in tafiyar da nisa, a kwance sandar da ke kai juyi ga ƙafafun baya. Idan an bar ta, sandar fita za ta yi ta juyi alhali sandar ƙasa, wadda ita ce ke watsa mai, tana tsaye, boris ɗin ciki su yi tafiyar a bushe. Wanda aka aika sayen kaya a Damagaram ko a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano kuma ya tafi da tsohon zoben da tsohuwar ƙawanyar a hannu, da lambar da ke jikin akwatin a rubuce. Sunan mota da shekararta ba su isa ba, domin yawancin motocin nan an taɓa sake musu akwati, zobba biyu kuma sukan yi kama a ido su bambanta da yawan haƙora ko da karkatar ciki. A ƙirga haƙoran a gaban mai shago, a kuma ɗora sabon a kan tsohon finyo in an tafi da shi, a murɗa a ji ya kama kafin a biya.